Ba a Kora Shanu da Bindiga: Sandar Makiyayi a Ƙasar Dakoro

Ranar kasuwar Sabon Maci, in ka tsaya tun da hantsi a gefen da ake cinikin bisashe, za ka iya faɗin sana'ar mutum tun daga nesa, kafin ka ga fuskarsa. Abin da ke hannunsa kawai za ka duba. Ga Bafillace ya gicciya sanda a bayan wuya, ya rataye hannuwansa biyu a kanta, yana tafe a hankali bayan bijimai uku. Ga Buzu ya durƙusar da raƙumi, takobi cikin jan kube yana lilo a kwiɓinsa. Manomin da ya jawo jar akuya daga ƙauye gatari ne a kafaɗarsa, ɗansa na biye da danƙo a wuya da tsakuwa cike da aljihu. Dillali ma da ƴar tsumagiyarsa yake nuna dabba. Ba wanda ya razana, ba wanda ya kauce wa wani.

Baƙon da bai san ƙasar ba zai ce yau kowa ya fito da makami. Mutanen wurin kuwa kayan aiki suke gani, kamar yadda ba a mamakin ganin aska a zabirar wanzami. Sai dai a ƴan shekarun nan kallon ya fara sauyawa har a cikin gida, kuma wanda ya fi jin sauyin a jikinsa shi ne mai sanda.

Sabon Maci tana kan hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta yi arewa, ta bi ta Kornaka ta faɗa Dakoro. Ƙasar jigawa ce, ta gero da wake da gyaɗa, kwarin Gulbin Kaba ya ratsa yankin da goribarsa. In ka wuce Dakoro ka gangara kwarin Tarka, gonaki sai su fara ja da baya, daji ya buɗe har Bermo da Gadabeji. Ke nan garin a kan hanyar garke yake zaune. Da faɗuwar damina shanu da tumaki kan yi arewa su bar wa manomi gonarsa, wasu har Ingal, wurin lasar gishiri da taron makiyaya na watan Satumba. Da kaka, in tafkunan arewa suka ƙafe, sai su juyo kudu neman kara da harawa da rijiya, wasu su tsallaka Najeriya. Sau biyu a shekara sanda take ratsa gonakin Sabon Maci, kuma zaman lafiyar shekarar ya rataya ne a kan yadda wannan ratsawa ta kasance.

Sanda

Ba kowane reshe ne sandar kiwo ba. Makiyayi yakan daɗe da ganin reshen a jikin icce kafin ya sare shi. Wadda aka fi so ita ce ta dargaza, iccen da Fulani ke kira kelli, domin tana lanƙwasa ba ta karye ba. In ba a samu ba, a nemi aduwa ko magarya. A ɓare ta, a gasa ta sama-sama a wuta a miƙar da inda ta karkace, a bar ta ta bushe a inuwa, sannan a riƙa shafa mata man shanu. Bayan shekara biyu ko uku a hannu sai ta yi ja, ta yi santsi, inda tafin mai ita yake kamawa ya yi duhu. Mutum yakan gane tasa cikin ashirin da aka jingine a bango ko da dare ne.

Aikinta ba ya ƙidayuwa. Da ita ake tare saniyar da ta nufi gona, a ɗan taɓa mata ƙaho ta juya. A bakin rijiya, inda rigimar shanu ta fi yawa, da ita ake tsare layi a kwami, a hana babban sa ture maraƙi. Da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare ƙasa ta yi fari, da ita ake kakkaɓo wa tumaki ƴaƴan gawo da na bagaruwa. A gwada zurfin laka da ita a bakin tafki kafin a bar garke ya shiga. A rataye goran ruwa a kanta in tafiya ta yi nisa, a kafa ta a yafa mayafi in rana ta yi tsaka ba inuwa, a kashe maciji, a dogara a kanta a ɗaga ƙafa ɗaya a huta a tsaye. Duk ɗalibin da ya kai Suratu Ɗaha ya san cewa da aka tambayi Annabi Musa, alaihis salam, abin da ke damansa, irin waɗannan ayyuka ya ambata: dogaro, da kakkaɓo wa tumakinsa ganye, da wasu buƙatun. Makiyayin Tarka ba ya neman tafsiri mai tsawo a kan wannan aya.

Abin da mutanen birni ba su cika sani ba shi ne gwanin kiwo ba ya dukan dabba sai da ƙyar. Jajayen shanun Bararo masu dogayen ƙahoni ba su jure duka. In ka matsa musu sai su watse, ba mai tara su sai mai su. Shi kuwa yakan shige gaba ne su biyo shi, yana kiran kowace da sunanta, sunan da yawanci daga launinta ko siffar ƙahonta aka ciro shi. Murya ce ke kiwo, sanda tana taya ta. In ka ga yaro yana jibgar saniya, dattawan ruga za su ce maka ko dai ɗan haya ne, ko kuma bai gaji abin ba.

To, amma sanda makami ce, ba a ɓoye wannan. Yaron ruga tun yana ƙarami yake koyon kare duka da mayar da shi, da abokansa a bayan garke, har hannu ya saba. Wanda ya iya, mutum biyu ko uku masu adda ba su cika kusantarsa ba, domin sanda ta fi adda tsawo. Shaɗi ma, wanda samari ke tsayawa a zuba musu tsumagiya a ƙirji ba su motsa ba, makaranta ce ta jure zafi ba tare da fita hayyaci ba, duk da malamai da hukuma sun daɗe suna sukarsa, kuma sukar tana da hujja, domin an sha rasa rai a wurin. Tare da koyon dukan ake koyon inda ba a yin sa. Ba a ɗaga wa dattijo sanda, ba a ɗaga wa mace, ba a ɗaga wa suruki. In za a shiga zauren hakimi ko masallaci, a ƙofa ake barinta tare da takalmi. Wadda kuma aka naɗe wa kai da ƙarfe ko waya, kowa ya san ta tashi daga sandar kiwo ta koma kulki, kuma mai ɗauke da ita ba a yi masa kallon mutumin kirki.

Faɗan sanda yakan ƙare da rotse ko karaya. A kai magana gaban hakimi da arɗo, a biya kuɗin magani, a auna ɓarnar gona a biya, mako mai zuwa a haɗu a kasuwa ana hararar juna, wata mai zuwa a gaisa. A ganina babbar falalar sanda ke nan: tana barin wanda za a yi sulhu da shi.

Majajjawa, daga Gulbin Kaba zuwa Tibet

Muna yara, in gero ya fara ido jan-baki ya sauko, mu ake turawa gadi tun da asuba. Majajjawa muke saƙawa da kaba ko da zaren rama: igiya biyu, da ɗan faffaɗan wuri a tsakiya inda ake ɗora abin jifa. Ɗaya igiyar a zura mata yatsa, ɗayar a riƙe ta da babban yatsa, a juya sau biyu ko uku a saman kai, a saki. Da yake dutse yana da wuya a jigawa, hoge muke ɗorawa ko ƙodagon goriba. Ƙarar da bakin igiyar ke yi in an saki ita ce ma ta fi tayar da tsuntsu. Yau danƙo ya kusa ture ta, yara da yawa ba su taɓa riƙe ta ba.

A nan ƙasar majajjawa ta tsaya a hannun yaro mai gadin gona. Akwai kuwa inda ta zama ita ce sandar makiyayi ɗungurungum, wato tudun Tibet, da ke ƙarƙashin ƙasar Sin a yau. A yankin da suke kira Cangtang ƙasa ta haura mita 4,500 sama da teku. Sanyi da iska ba su barin icce ya tashi, sai gajeriyar ciyawa da duwatsu iya ganinka. Makiyayan wurin, da ake kira Drokpa, suna kiwon tumaki da awaki da wata irin saniya mai dogon gashi har ƙasa, yak. Daga gashinta suke saƙa baƙin tantin da suke kwana ciki, da igiyoyinsu, da kashinta suke hura wuta, daga gashin nan kuma, a haɗa da ulun tumaki, suke saƙa majajjawar da suke kira urdo. Maza da mata duk suna ɗaure da ita a ƙugu.

Yadda suke aiki da ita zai ba makiyayin Dakoro sha'awa, domin dabarar ɗaya ce da tasa. Ba dabbar ake nufi da dutsen ba. Gefen wadda ke gaba ake jefa shi, ta ji faɗuwarsa ta juya, sauran su bi ta. Wani lokaci ma ba a ɗora komai, a kaɗa igiyar kawai ta yi ƙara kamar bulala. Mace ɗaya a kan tudu sai ta juyo da garken da ke can gangare ba ta taka ko'ina ba. In kyarkeci ya kusanto tumaki, a nan ne ake saita dutsen a jikinsa. Akwai wata saƙa tasu ta baƙi da fari da suke kira mai ido tara, wadda suke ɗauka tana da tsari, kamar yadda namu ke ɗaura laya a damtse. Su ma suna rataya ƙaramin akwatin ƙarfe a ƙirji mai ɗauke da abubuwan addininsu, don kariya a hanya. A bakin tanti kuma ga ƙaton kare mai gashi a ɗaure, wanda baƙo ba ya isa ya matso sai ya yi kira daga nesa an fito an riƙe shi. A ƙugun namiji ga wuƙa, ta yankan busasshen nama da gyaran igiya. Mutanen yankin Kham sun yi suna da dogayen wuƙaƙe masu kube na azurfa.

Ƙasa ce ta zaɓa wa kowa abin riƙonsa. Inda akwai dargaza babu dutse aka riƙi sanda, inda akwai dutse babu icce aka riƙi majajjawa. Kuma kada a raina ta don ta koma hannun yara a wurinmu: masu tafsiri sun ambata cewa da ita Annabi Dawuda, yana matashi mai kiwo, ya kayar da Jaluta.

Takobi da kwari

Takobin Buzu miƙaƙƙe ne, mai kaifi biyu, bakinsa a ɗan zagaye, an yi shi don sara. Tsofaffin ruwan takubba da yawa daga Turai suka ƙetaro hamada, irin na garin Solingen na Jamus, maƙeran Abzinawa suka yi musu ƙota da kube. Akan rufe ƙotar da fata ko tagulla, domin a al'adarsu ɗan asali ba ya son tafinsa ya taɓa baƙin ƙarfe. Da can takobi yana tafiya ne da mashi na ƙarfe zalla, da wuƙar da ake ɗaurawa a hannu, da babbar garkuwa ta fatar warwaji. Garkuwar ta tafi tare da dabbar: a shekarar 2000 aka bayyana cewa warwaji ya ƙare a daji, sai a 2016 aka fara mayar da shi a ƙasar Cadi daga waɗanda aka kiwata a killace. Takobin ya saura, amma yau ya fi zama cikar shiga, kamar rawani. Saurayi yakan same shi in ya isa mutum, kuma zare shi a kan abin da bai kai ba abin kunya ne ga mai shi da danginsa. Maƙeran kasuwa na yanzu da ƙarfen tsohuwar mota suke ƙera shi.

Kwari da baka kuwa na maharba ne da makiyayan da ke kwana a daji. Dafin da ake shafa wa kibiya, wanda ake dafawa da ƙwanƙwani, shi ne abin tsoron, ba ƙarfen ba. Da irin wannan kibiya jama'ar Shehu Usmanu, waɗanda ba su da dawaki da yawa, suka karya barade masu lifidi na Sarkin Gobir Yunfa a Tafkin Kwatto a 1804. Zuriyar waɗanda aka kora a yaƙe-yaƙen nan, Katsinawa da Gobirawa, su suka kafa Maraɗi da Tibiri, kuma daga cikin jikokinsu ne da yawa suka hauro arewa suka sari dajin da ya zama gonakin ƙasar Dakoro.

Ƙarshen zamanin waɗannan makamai a fagen yaƙi kusan lokaci ɗaya ya zo, a nan da can Tibet. A 1899 ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya bi ta Lugu, garin Sarauniya, ya yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, bai tsaya ba sai a ƙasar Tasawa, inda shugabannin biyu suka mutu a hannun sojojinsu a watan Yuli. Ranar 15 ga Maris 1903 Sakkwato ta faɗi a hannun Ingilishi, a watan Yuli na shekarar kuma aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Ba a cika shekara ba, ranar 31 ga Maris 1904, sojojin Ingila da suka rako Kanar Younghusband daga Indiya suka buɗe wa mutanen Tibet wuta da bindiga mai jigida ƙirar Maxim a kusa da Guru. Mutanen na riƙe da takubba da bindigogin toka, layunsu a ƙirji. Fiye da 600 suka mutu a cikin ɗan lokaci. Tun daga wancan zamani takobi da baka da majajjawa suka koma inda suka fito, wato bayan garke da bakin gona.

Toda

Wanda zai yabi kayan gargajiya dole ya faɗi wannan ma. A ƙarshen watan Oktoba na 1991, ana cikin babban taron ƙasa a Yamai, rigimar ɓarnar gona ta tashi a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, nan kudu da mu. Manoma suka yi gayya suka far wa rugagen Fulani. An kashe mutum fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. Ba sojoji ba ne, ba ƴan tawaye ba ne; maƙwabta ne da suka saba sayen nono a hannun matan da suka kashe. A watan Nuwamba na 2016 an sake ganin irinsa a Bangi, cikin ƙasar Madawa, inda kusan mutum ashirin suka mutu. Duk a lokacin kaka ne, lokacin da garke ya sauko amfanin gona bai gama shiga rumbu ba.

Don haka in na ce sanda tana barin wurin sulhu, ina nufin faɗan mutum da mutum. In gari ya tashi, adda da gatari da ashana sun isa su yi abin da bindiga za ta yi. Abin da ya tsare mutane shekara da shekaru shi ne fili da yarjejeniya. Akwai burtali da garke zai bi, akwai hurumi da zai kwana, akwai rijiyar da aka san ranar kowa. Manomi yakan roƙi Bafillace ya sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, a ba shi damin gero, matarsa ta ba da nono ta karɓi hatsi. Bahaushe yakan ba Bafillace amanar shanunsa ya tafi da su arewa. Wanda ke riƙe da saniyarka ba ka gaggawar fasa masa kai.

Wannan zama ne ya yi ta zaizayewa. Dokar 1961 ta ja iyakar noma daga arewa, ta bar abin da ke bayanta ga kiwo, kuma a ƙasar Dakoro wajen kwarin Tarka ne iyakar ta bi. Yau duk wanda ya bi hanyar Bermo ya ga gonaki sun tsallake ta. Jama'a ta ƙaru, jihar Maraɗi tana cikin inda haihuwa ta fi yawa a duniya, gonar da uba ya noma shi kaɗai yanzu ƴaƴa bakwai ke raba ta. Saura ta ƙare, aka shiga cin gefen burtali taki ɗaya-ɗaya. Manomi ya sayi nasa shanun, ya daina barin kara a gona, yana tarawa ya kai gida ko ya sayar. Farin 1973 da na 1984, sannan na 2005 da 2010, sun raba iyalai da yawa da garkensu. A 2010 an yi asarar bisashe mai yawa a wajen Gadabeji. Wanda ya rasa nasa sai ya koma kiwon na ɗan kasuwa ko na ma'aikaci da ke zaune a birni. Ɗan haya, ko ƙaramin yaron da aka tura da garken da ya fi ƙarfinsa, ba ya tsoron sunan gidansu ya ɓaci a garin da ba zai sake biyowa ba. Ga kuma tramol, da ta shiga samarin ruga da na ƙauye baki ɗaya.

Ba a zauna haka nan ba. A 1990 makiyaya suka kafa ƙungiyar AREN. Ranar 2 ga Maris 1993 aka fitar da dokar tsarin karkara, wadda ta haifar da kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo, tun daga gunduma har ƙauye, inda hakimai da wakilan manoma da na makiyaya ke zama tare. An bi burtalai da yawa a jihar an kafa musu turakan siminti. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta amince cewa tafiya da garke haƙƙi ne na makiyayi, ta tanadi a fara neman sulhu gaban sarakunan gargajiya kafin a je kotu, kuma hukuma ce ke sanar da ranar sakin gonaki a kowace shekara. A takarda, Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi kyakkyawar dokar kiwo a yankin nan. A ƙasa kuwa za ka ga turken siminti a tsakiyar gero, an noma gabansa an noma bayansa.

Abin da ya shigo daga baya

Kura ta yi ƙaranci, zaki ya daɗe da barin wannan yanki, dila kaɗai ya rage yana ɗaukar ƴan raguna. Dabbar dajin da aka yi sanda da baka dominta ta kusa ƙarewa. Ɓarawon shanu na da, wanda ke lallaɓowa da dare ya kore biyu ko uku, ana bin sawunsa da safe da sanda da kare, sau da yawa a kamo shi. Na yanzu a kan babur yake zuwa, su goma ko ashirin, da bindiga ƙirar Kalashnikov, ya kore garke duka ya haɗa da mai shi a nemi kuɗin fansa.

Tun bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011 makamai suka malalo kudu. Rikicin Zamfara da Katsina da Sakkwato ya tsallako iyaka, ya addabi ƙasashen Madarumfa da Gidan Rumji. A 2019 dubban mutane suka gudo daga Najeriya zuwa jihar Maraɗi, har aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Sabon Maci ba a bakin iyaka take ba, amma shanun da ke ratsa ta da kaka can suke nufa, kuma labarin abin da ya same su nan yake dawowa.

A gaban wannan, sanda ba ta da abin cewa. Shi ya sa za ka ji saurayi yana cewa gara ya sayar da bijimi biyu ya nemi abin da zai kare sauran. Ina jin zafin da ke bayan maganar, domin mutumin da aka kore wa garke an raba shi da abincinsa da sadakinsa da sunansa a dare ɗaya. Duk da haka hanya ce da ba ta ɓullewa. Bindiga ba ta juya saniya, ba ta kakkaɓo gawo, ba ta tsare layi a kwami. Aiki ɗaya ta iya. Ranar da aka yi cacar baki a bakin gona, wadda da za ta ƙare da rotse da zama gaban hakimi, sai ta ƙare da gawa, gawa kuma ta jawo gayya. Haka abin ya faro a Zamfara: ƴan sa-kai a gefe ɗaya, makiyaya masu bindiga a ɗaya gefen, kowa yana cewa kare kansa yake yi, har aka kai inda ba noma ba kiwo. Gemun maƙwabci ya riga ya kama da wuta, muna kallo.

Wani abin baƙin cikin shi ne yadda laifin mai bindiga yake komawa kan mai sanda. Na taɓa gani da idona a wata tasha an sauke wani dattijo daga mota, aka karɓe sandarsa da wuƙar da yake yanke igiya da ita, ana yi masa tambayoyi kamar an kama ɓarawo, alhali jikarsa ya kawo asibiti. Bai ce komai ba, ya koma ya zauna hannunsa a kan gwiwa. Hana shiga taro ko tsakiyar kasuwa da takobi da adda yana da ma'ana, kuma in an yi shi ga kowa da kowa, Bahaushe da Bafillace da Buzu, ba mai ƙorafi. Amma a ɗauki kowane mai sanda a matsayin abin zargi, wannan kyauta ce ake yi wa ƴan bindiga, domin ba abin da suke nema kamar saurayin da ya ji ƙasarsa ta ƙi shi. Makiyayi shi ne ya fi kowa sanin daji, shi ke fara ganin sawun babur inda bai kamata ba. In yana tsoron jandarma kamar yadda yake tsoron ɓarawo, ba zai kawo labari ba.

Nijar tana da hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, aikinta kuma yana kan bindiga, inda ya dace ya kasance. Abin da ya rage na masu iko ne na kusa. Kaka tana tafe. Ina kira ga hukumar garin Sabon Maci da sarakuna da hakimai da arɗaɗɗa da ƴan Kofo su bi burtalan yankin da ƙafa tun gero bai nuna ba, su buɗe inda aka toshe, su tabbatar hanyar rijiya da ta tafki a sake take. A sanar da ranar sakin gonaki da wuri, da Hausa da Fulatanci da Buzanci, a rediyo da kasuwa da masallaci. Manomi ya kwashe amfaninsa kafin ranar, mai garke ya riƙe dabbobinsa har ta zo, kuma kada ya tura yaro shi kaɗai da shanu hamsin. Wanda aka kore wa dabba ya kai ƙara, a bi masa sawu da gaske, ya ga an bi.